Tawadar allo ba ta zama a kan fenti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da abin da mai gabatar da shirinku na daren Lahadi ya faɗa a kan Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan ɗan ƙasar Sudan. Wai da tawadar allo ya yi zanensa, saboda haka duk matashin da ke da kurtu da alƙalamin gamba ya sayi yadin zane ya kama aiki. Wa ya gaya masa haka? Yara za su ji su yi asarar kuɗinsu.

Gaskiya ne an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin allo ne, a gabansa ya koyi harafi. Amma ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan, ya koma Khartum a 1957. Manyan zanensa na shekarun 1960 da fentin mai ya yi su. Baƙar tawada ya fi riƙe ta bayan ya fito daga kurkukun Kober, inda gwamnatin Numeiri ta tsare shi a 1975, kuma a kan takarda yake jan ta.

Tawadar allo zuge ce da ƙaro da ruwa. An haɗa ta ne don ta wanku, yaro ya biya, ya wanke, ya sake rubutu. Yadin da aka shafe da fentin mai ba ya shan ruwa, kana ɗora ta sai ta dunƙule ɗigo-ɗigo, in ta bushe yatsa ma ya goge ta. Ko a kan takarda sai an iya ƙaron. Ya yi kaɗan, baƙin ya bi hannu. Ya yi yawa, rubutun ya yi ƙyalli ya tsattsage, damina na zuwa warƙoƙi su manne da juna. Masu rubuta Alƙur'ani da hadda ba da ita suke aiki ba. Bagaruwa suke dakawa su jiƙa ko su dafa, su jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe, a bar shi kwanaki har ruwan ya yi baƙi, a tace da ƙyalle, sannan a zuba ƙaro kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Wannan tana kama takarda, ba ta fita. Ita ma in ƙarfe ya yi yawa, da shekaru sai ta cinye takardar, harafin ya zama huda.

Kuma don Allah a daina kiran aikinsa zayyana. Mai zayyana yana tsare harafi da wasalinsa don a karanta. El-Salahi kuwa wargaza harafin ya yi, ya ja shi, har fuskoki da tsuntsaye suka fito daga tsakaninsa. Mutum ne mai ibada, shi da kansa ya ce yakan yi alwala da salla kafin ya taɓa aiki, kuma ya san abin da yake karyawa. Matashin da bai sani ba ya ɗauki aya ya yi mata haka, wa zai ɗauki alhakin?

Sannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi, rabin sunayen ba a ji su ba. Ku gyara maganar tawadar nan a shiri na gaba, ku gayyato mai rubutun Alƙur'ani ɗaya daga Kano ko Maiduguri ya yi bayani.

Mai sauraronku,
daga Zariya.