A sama wa masu binciken maganaɗisu na'urar sanyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata sakandaren ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli. Da ƙaramar Sallah wata tsohuwar ɗalibata da ke digiri na biyu ta zo gaishe ni, ta ciro 'yar kwalba daga jaka. Wani gari ne ƙasa-ƙasa a ciki, bai cika cokalin shayi ba. Ta ce, "Malam, wata bakwai ke nan da na haɗa shi, ban samu inda za a auna mini ba."

Garin haɗin manganis ne da iskar oksijin, ɗan uwan baƙin garin nan da yara ke gani in sun fasa batirin tocila. Nata dai ƙwayoyinsa ba su wuce 'yan nanomita ba, kuma nanomita ɗaya, sai an raba milimita gida miliyan kafin a same shi. Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo na kara a jikin kwalbar, ko gezau. Sai an sanyaya garin sosai halinsa na maganaɗisu yake fitowa.

Kowace zarrar manganis, wato ƙwayarsa mafi ƙanƙanta (atom), tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. A zafin ɗaki kowacce na fuskantar inda ta ga dama. Idan aka sauko da nau'in da ake kira MnO zuwa wajen digiri 155 ƙasa da sifili, sai su jeru kamar yadda shanun huɗa ke tafiya: kunya ɗaya an nufi gabas, mai bi mata an juyo yamma. Ƙarfin wannan ya kashe na waccan, daga waje ba a ganin komai. Bafaranshe Louis Néel ne ya yi hasashen irin wannan jeri, sannan a 1949 Clifford Shull da abokin aikinsa suka tabbatar da shi a kan wannan sinadari a Oak Ridge ta Amurka. Dukansu biyu sun sami kyautar Nobel daga baya, Néel a 1970, Shull a 1994.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin gonar. A babban dunƙule, zarrar da ke gefe ba su taka kara sun karya ba. A ƙwaya 'yar mitsitsiya kuwa, kaso mai yawa a gefen suke, ba su da abokan soke ƙarfinsu, sai garin ya fara nuna ɗan jan maganaɗisu. Ga shi kuma fatar ƙwayar kan sha iska ta rikiɗe ta zama wani nau'in da ake kira Mn3O4, wanda shi da kansa yake zama maganaɗisu a wajen digiri 231 ƙasa da sifili. To jan daga gefen yake, ko daga fatar? Tambayar da yarinyar nan ke son amsawa ke nan, kuma tana da amfani, tunda ana gwada irin waɗannan ƙwayoyi don ƙara fito da hoton cikin jiki na MRI a asibiti.

Ruwan naitirojin da ake sanyaya abu da shi yana tsayawa a digiri 196 ƙasa da sifili, bai kai 231 ɗin da ake bukata ba. Sai hiliyam, mai kaiwa 269, ko injin sanyi na musamman, tare da ma'aunin ƙarfin maganaɗisu da ake kira SQUID. Sashen ɗalibar a jami'a ba shi da ko ɗaya, aikawa waje kuma da dala ake biya, mahaifinta manomin gero ne.

Ina roƙon masu raba kuɗin bincike da gwamnatocin Kano da Jigawa su haɗa hannu a kafa ɗaki ɗaya tak na irin wannan awo, mai tsayayyiyar wutar sola da ma'aikacin da ya iya gyara, kowace jami'a ta kawo samfurinta ta bi layi. Ɗalibar tawa ta ce in shekara ta ƙare babu labari za ta sauya batu ta koma abin da ake iya aunawa a zafin ɗaki. Na roƙe ta ta ƙara haƙuri zuwa bayan kaka.

Wassalam.

Malamin fiziks,
Ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa