Kafa Tashar Sadarwa Mai Igiyar Milimita Ya Wuce Sayen Lasisi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na fasahar 5G wanda ake yawan ambata idan ana yabon saurin intanet, amma ba a cika bayyana wa jama'a abin da kafa shi ya ƙunsa ba, wato tashar sadarwar wayar salula da ke aiki da igiyar rediyo mai tsawon milimita. Abin da nake son masu karatu da masu tsara dokokin sadarwa su lura da shi shi ne, wannan tasha ba irin turken sabis ɗin da aka saba gani ba ce, kuma duk wanda ya tsara kafa ta da tunanin dogon turke ɗaya zai wadatar da unguwanni, to kuɗinsa zai salwanta, jama'a kuma su yi ta jiran saurin da ba zai iso gare su ba.

Kowace igiyar rediyo tana da zango, wato yawan kaɗawar da take yi a daƙiƙa ɗaya wanda ake aunawa da megahaz ko gigahaz (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne), da kuma tsawo, kuma gwargwadon hawan zango, gwargwadon raguwar tsawo. Igiyar da zangonta yake tsakanin gigahaz 30 da 300 tsawonta yana tsakanin milimita 10 da milimita 1, kodayake kamfanonin sadarwa suna fara lissafinsu ne tun daga wajen gigahaz 24. Ƙungiyar 3GPP, wadda take rubuta ƙa'idojin fasahar wayar salula, ta fara ware wa 5G daga gigahaz 24.25 zuwa 52.6, sannan a babban taron Hukumar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a shekarar 2019, ƙasashe suka amince da wasu zanguna domin wannan aiki, daga cikinsu akwai 24.25 zuwa 27.5, da 37 zuwa 43.5, da 66 zuwa 71. Abin da ya ja hankalin injiniyoyi zuwa can shi ne yalwar fili. Hanya ɗaya ta 4G faɗinta bai wuce megahaz 20 ba, ta 5G mai matsakaicin zango tana kaiwa 100, ita kuwa ta igiyar milimita tana kaiwa 400, kuma ana iya haɗa hanyoyi da yawa wuri guda. Daga nan saurin da ake ta yabo ya fito, kuma saurin gaskiya ne.

Sai dai igiyar ba ta da juriyar tafiya. Idan aka kwatanta gigahaz 28 na igiyar milimita da gigahaz 3.5 na matsakaicin zango, zangon ya ninka sau 8, kuma a lissafin yaɗuwar igiya a sararin da babu shinge, ƙarfin da zai isa ga ƙaramar eriya a nisa iri ɗaya zai ragu har ninki 64. Bangon siminti yana tare ta kusan baki ɗaya, gilashin zamani da ake shafa wa sinadarin ƙarfe domin rage zafin rana yana tare ta, ganyen bishiya yana shanye ta, ruwan sama mai ƙarfi yana rage ta, kai har tafin hannun mai riƙe da waya yana iya katse ta idan ya rufe eriyar da ke gefen wayar. A wajen gigahaz 60 kuma iskar oksijin da kanta tana shanye igiyar. Saboda haka a cikin gari mai gine-gine, tasha ɗaya ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, alhali turken da ke aiki da ƙaramin zango yana kai kilomitoci.

Dabarar da injiniyoyi suka samo ta fito ne daga gajartar igiyar kanta. Da yake akan jera ƙananan eriyoyi da tazarar rabin tsawon igiya a tsakaninsu, wato kimanin milimita 5 a gigahaz 28, ana iya cusa ɗaruruwansu a faifai ɗaya wanda mutum zai ɗauka da hannu. Na'urar tana sarrafa lokacin da kowace eriya take sakin igiyarta ta yadda ƙarfin zai haɗu ya nufi waje guda. Tsohon turke yana watsa igiya ne irin yadda fitilar ƙwai take haska ɗaki ta kowane gefe, wannan kuwa tocila ce, haskenta yana da ƙarfi a inda aka nufa, amma sai an bi mai tafiya da ita duk inda ya juya. Tashar tana ta lalube ta kusurwoyi daban-daban, wayar tana sanar da ita wanda ya fi ƙarfi, idan kuma babbar mota ta gitta sai su nemi wata hanya cikin gaggawa, wani lokaci ta hanyar igiyar da ta bugi bangon wani gini ta dawo.

A nan ne zaɓen wuri ya zama rabin aikin, kuma shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kafin a ɗaura ko ƙusa ɗaya, dole a samu taswirar da take nuna tsayin gine-gine da irin kayan da aka yi su da shi, da wurin kowace babbar bishiya da kowane allon talla, sannan ma'aikata su taka da ƙafa su tabbatar da abin da kwamfuta ta hasko. Tsayi da yawa ba ya amfanar wannan tasha, domin idan aka kai ta ƙololuwar turke, nisan da ke tsakaninta da mutanen da ke ƙasa ya riga ya cinye wani kaso na ƙarfinta. Shi ya sa ake ɗora ta a kan sandunan fitilun titi, ko jikin bango, ko gefen rufin gini mara tsayi sosai, inda take kallon titi ko dandali kai tsaye. Kusurwar titi ta fi tsakiyarsa daraja, saboda daga kusurwa faifai biyu suna iya leƙa tituna biyu. Karkatar da faifan da 'yan digiri kaɗan yana iya zama bambanci tsakanin isa ga tashar mota da wucewa ta samanta. Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa: bishiyar da aka auna lokacin da ganyenta ya zube za ta zama shinge idan ta yi sabon ganye, filin da yake fayau a bana kuma yana iya zama bene a baɗi.

Kowace sanda kuma tana da mai ita, ko hukumar birni, ko kamfanin lantarki, ko mai gida. Wanda zai kafa tashoshi ɗari a gari ɗaya zai nemi izini sau ɗari idan babu tsari guda da ya haɗa su, kuma a ganina wannan jinkiri na takardu ya fi kowace matsalar kimiyya hana aikin tafiya. Hukumar da take son wannan fasaha da gaske, ta fara da sauƙaƙa izinin hawa sandunan gwamnati da na haƙa ramin waya.

Bayan wuri sai abin da zai ciyar da tashar. Babu amfanin tashar da take iya aika bayanai masu yawan gaske a daƙiƙa ɗaya idan hanyar da ta haɗa ta da cibiyar kamfani ƙarama ce, don haka kusan kowace tasha tana buƙatar wayar faiba, wato wayar zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, har gindin sandarta, kuma haƙa da binne wayar sau da yawa ya fi na'urar tsada. Ƙa'idojin 3GPP na shekarar 2020 sun ba da damar tasha ta karɓi saƙo daga 'yar'uwarta ta iska ta miƙa gaba, wanda hakan yana rage haƙa, amma kowane tsalle yana cin wani ɓangare na filin da masu waya za su yi amfani da shi. Ana kuma buƙatar lantarki da ba ya yankewa, da batir na ko-ta-kwana a ƙaramin akwatin da sanda za ta iya ɗauka, da hanyar fitar da zafi, domin na'urorin suna ɗumama sosai kuma a rana suke wuni. Sannan da yake tashar tana aikawa da karɓa a zango ɗaya ne, tana yin wannan na ɗan lokaci ta koma wancan, wajibi ne agogon dukkan tashoshin maƙwabta ya zama ɗaya daidai, abin da ake samu daga taurarin ɗan'adam na GPS ko ta cikin faiba. Idan agogo ya saɓa, wata tana magana lokacin da wata take saurare, sai su dagula wa juna.

Tashar ba ta tsayawa ita kaɗai. Akan jingina ta da 4G ko 5G mai ƙaramin zango, wanda yake riƙe da wayar idan mutum ya shiga lungu. Kuma ba kowace wayar 5G ce take da eriyar wannan zango ba.

Wanda yake ganin na tsananta, ya dubi abin da ya faru a Koriya ta Kudu. A shekarar 2018 gwamnatin ƙasar ta yi gwanjon zangon gigahaz 28 ga manyan kamfanoninta uku, da sharaɗin kowanne ya kafa tashoshi 15,000. Babu wanda ya kusanci wannan adadi, sai gwamnati ta soke lasisin KT da LG Uplus a ƙarshen 2022, na SK Telecom kuma a 2023. Wannan ƙasa ce mai wadatar faiba da lantarki da cunkoson birane, amma duk da haka kamfanonin suka ga lissafin bai fita ba. A Amurka ma, kamfanin Verizon ya buɗe 5G na wayar hannu da igiyar milimita a wasu sassan Chicago da Minneapolis a watan Afrilun 2019, masu amfani suka ga sauri mai ban mamaki a wasu tituna, suka kuma ga yana ɓacewa da zarar sun sha kwana, kuma a 2021 kamfanonin ƙasar suka zuba fiye da dala biliyan 80 a gwanjon matsakaicin zango domin su samu faɗin isa.

Wannan bai sa na raina fasahar ba, hasali ma ina ganin tana da gurbin da babu mai maye mata shi. Filin wasa mai ɗaukar dubban mutane, da zauren tashar jirgin sama, da babban dandalin taro, da masana'antar da injunanta suke aika hotuna masu nauyi, duk wurare ne da jama'a ko na'urori suka taru a ƙaramin fili kuma tasha tana ganinsu ba tare da shinge ba. A irin wuraren nan gajartar nisan da take kaiwa ma alheri ce, domin tasha ba ta damun maƙwabciyarta, ana iya sake amfani da zango ɗaya a ɗan nesa kaɗan. Haka nan kai intanet gidaje, inda ake kafa eriya a waje tana fuskantar tasha kuma ba ta motsi, yana ba da nisa fiye da na wayar hannu.

Game da fargabar lafiya, wadda takan taso idan mutane suka ga na'ura kusa da tagarsu, ya kamata a yi wa jama'a bayani da girmamawa tun kafin a hau sanda. Wannan igiya ba ta cikin nau'in da yake farfasa ƙwayoyin halitta irin hasken hoton ƙashi, ba ta wuce fatar jiki da nisa, kuma hukumar ICNIRP, wadda take tsara iyakokin kare lafiya daga irin waɗannan igiyoyi a duniya, ta sabunta iyakokin kariya a shekarar 2020 har zuwa gigahaz 300. Haƙƙin mazauna wuri ne a auna ƙarfin igiyar bayan an kunna tasha a kuma nuna musu sakamakon. Akwai wata damuwa ta daban da masana yanayi suka nuna, cewa tashoshin da ke kusa da gigahaz 24 suna iya dagula taurarin ɗan'adam da ke auna tururin ruwa a gigahaz 23.8, abin da ya sa taron 2019 ya sanya iyaka ga igiyar da ke tsallakawa zuwa wancan zango.

Roƙona ga hukumomin da ke ba da lasisi shi ne su daina auna nasara da yawan tashoshin da aka rubuta a takarda. Su tura ma'aikata da waya a hannu su zaga wuraren da aka ce an wadatar, a lokacin cunkoso da lokacin ruwan sama, su rubuta saurin da suka samu da inda sabis ya yanke, su kuma maimaita awon bayan wasu watanni. Ku ma 'yan jarida, idan kamfani ya kira ku bikin buɗe irin wannan tasha, ku tambaye shi mita nawa take kaiwa, da wace hanya aka haɗa ta da cibiya, da kuma wayoyi nawa daga cikin na abokan hulɗarsa suke iya kama ta.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar harkokin sadarwa