Goron sallar yara: a yi lissafi tun da wuri

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna jan hankalin iyaye kan goron sallar yara. A fara ƙirga 'ya'yan gida da na maƙwabta kafin a yanke kuɗi: N200 ta ishi ƙanana, N500 ga waɗanda suka tasa. A nemi canji tun saura mako guda, don ranar jajibere wuya yake yi.

A ƙulla wa kowa dabino 3, alawa 2 da ɗan cincin. Sayen fakiti a kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya fi sauƙi. Cakulan kam a haƙura, narkewa yake a aljihun sabon kaya. Bindigar roba mai ƙwaya tana tsiyayar da ido, fasasshen balan-balan kuwa kan shaƙe yaron goye idan ya kai baki.

Wasu iyaye,
Taura, Jihar Jigawa