Tsimin Gida a Legas: Kada a Fara Yanka Daga Tukunya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan abin da ya zama hirar kowace majalisa a unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Mile 12, wato yadda magidanci zai rage kashe kuɗi ba tare da gidansa ya tagayyara ba. Shawarwari sun yi yawa a rediyo da wayoyin hannu, amma na lura kusan dukkansu tukunya suke nufa: a rage mudu, a daina nama, a mayar da ci uku ya koma biyu. A ganina tukunya ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa, domin akwai ƙofofin da kuɗi ke zurarewa waɗanda kunya ce kawai ta hana mu rufe su.

Ba sai na tsawaita a kan mafarin wahalar ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma 488 a gidajen man NNPC na Legas, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai kusan 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke darajar naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haye 1,500 a farkon 2024, sannan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. Wasu kayan hatsi sun ɗan sauko daga baya, amma haya da kuɗin mota da kuɗin makaranta ba su biyo su ba. Gwamnatin Legas ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a 2024, sai dai mafi yawan mutanenmu a nan ba 'yan albashi ba ne. Masu shayi ne da masu gadi da 'yan dako da 'yan gwari da mahauta, ga kuma matasan da suka rasa abin yi tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022.

Abin da masu ba da shawara ba su cika lura da shi ba shi ne Bahaushen Legas gida biyu yake riƙe da su, na nan da na Arewa. Haƙƙin iyaye ba abin ragewa ba ne, kuma ba shi nake nufi ba. Ina nufin kuɗin da muke turawa don kada a ce ɗan Ikko ya kasa: gudummawar bikin ɗan abokin ƙanin wane, da ankon da ake ɗinkawa a sa sau ɗaya a jefa a akwati, da tafiya gida duk lokacin da aka ce ana suna ko ɗaurin aure, alhali kuɗin motar zuwa Kano ko Sakkwato da dawowa ya isa cefanen makonni. A can gida har yanzu ana yi wa Legas kallon wurin da ake sharar kuɗi a titi, kuma mu ne muka ƙi gyara wannan fahimta, saboda mutum ya gwammace ya ci bashi ya tura da ya buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa bana babu hali. Da za mu yanke abin da za mu iya turawa a wata, mu faɗe shi a sarari, sannan idan kaka ta yi a saya wa iyaye gero da dawa da wake a ajiye tun suna da sauƙi, da an huta a gidajen biyu. Haka batun biki yake. Ɗaurin aure da walima daidai ƙarfi sun wadatar, amma kamu da dina da hayar zaure da jerin akwatunan lefe ba su taɓa zaunar da aure ba, bashi kawai suke barin ango da shi tun kafin amarya ta tare.

Ƙofa ta biyu ita ce sayen ƙulli-ƙulli. Duk wanda ya tsaya gaban mai tireda da hantsi zai ga yaro ya zo da kuɗi a dunƙule a hannu, a ƙulla masa man gyaɗa a leda, a ba shi gwangwanin shinkafa ɗaya, da tumatirin leda, da dunƙulen magi biyu, da yamma kuma a sake aiko shi. Kowane ƙulli akwai ribar mai shago a kansa, akwai kuɗin leda, kuma awon ba ya cika, ta yadda talaka ne yake sayen abinci da tsada fiye da mai hali. Maganin wannan muna da shi tun kakanni, shi ne watanda. Yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a Oko-Oba a yanka a kasa nama kashi-kashi, haka gidaje huɗu ko biyar za su iya haɗuwa su ɗauko buhun shinkafa a Daleko, da jarkar manja, da buhun albasa a Mile 12, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a raba da mudu ɗaya a gaban kowa. Na san mai samun yau da gobe zai ce ina ya ga kuɗin da zai zuba a lokaci guda. Amsar ita ce adashi na mako-mako, wanda ba za a miƙa wa kowa kwasarsa a hannu ba, kai tsaye kasuwa za a wuce da ita. Sharaɗinsa kawai a samu mai amana, a kuma rubuta komai a littafi, domin yawancin irin wannan haɗaka rashin rubutu ne yake kashe ta.

A kan kayan miya kuwa, mu da 'yan'uwanmu ke sauke kwandunan tumatir daga Kadawa da Danja bai kamata mu sayi tsada kamar baƙi ba. Kowa ya san tumatir yana araha a lokacin rani da amfanin fadama ya fito, ya kuma yi wuta da shigowar damina. Shanya a Legas ba ta yiwuwa sosai saboda laimar iska, firji kuma ya zama abin lissafi tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya. Saboda haka kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da barkono, waɗanda direbobin manyan motoci za su iya taho wa mutum da su daga gida, sun fi kowace dabara. Ban san dalilin da ya sa wasu matanmu da suka daɗe a nan suke ganin miyar kuka ƙauyanci ce ba, alhali tuwon masara da ita ya fi taliyar leda riƙe cikin yaro.

Dalilin da ya sa nake cewa a bar tukunya ta zama ta ƙarshe shi ne abin da aka rage a cikinta yakan dawo ta ƙofar asibiti. Yaron da aka hana wake da ƙwai da ganye, aka bar shi da gari da sukari, shi ne zazzaɓi kaɗan zai kwantar, kuma kuɗin magani ɗaya ya cinye tsimin wata guda. Mai ciki da mai shayarwa ma haka. Ana iya sauya nama da wake ko kifi busasshe ko awara, wannan gyara ne, amma tsallake abincin yara ba tsimi ba ne.

A nan dole in yi wa 'yan'uwana maza magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Akwai magidancin da kuɗin cefanen da yake ajiyewa bai canza ba tun kafin a cire tallafi, amma idan miya ta yi ruwa sai ya ce uwargida ba ta iya tattali ba. Shi kuwa kullum sai ya zauna teburin mai shayi an soya masa ƙwai, ya sayi tsire ya ci a waje, ya sa data ya kwana kallon bidiyo, bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wasu matasan har cacar ƙwallo suke yi a waya, idan ta cinye su kuma su faɗa hannun manhajojin ba da rance masu ruwa, waɗanda ke bin lambobin wayar mutum suna tozarta shi. Duk maigidan da zai zauna da matarsa su rubuta abin da ya fita a mako guda, nasa da nata, zai ga inda ɓarakar take.

Sai dai akwai abin da tsimi ba ya maganinsa, babbansu kuwa haya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da unguwannin da ta keɓe irin su Ikoyi da Victoria Island da Apapa, amma har yau ana neman shekara biyu daga mutanenmu, a ɗora kuɗin dillali da na yarjejeniya, su kuma su biya saboda ba su san dokar ba, ko suna tsoron a ce ba a ba Bahaushe ɗaki. Haka kuma jirgin ƙasan da ya fara jigila a Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo yana tsayawa a Agege, amma da yawa daga cikinmu ba su mallaki katin Cowry da ake shiga da shi ba. Kasuwannin rangwame na Ounje Eko da gwamnati ta buɗe a 2024, inda aka riƙa sauke kashi 25 cikin ɗari na farashin kayan abinci, wasu sai da aka tashi suka ji labari.

Don haka ina kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da limaman Juma'a da shugabannin kasuwa su riƙa sanar da irin waɗannan abubuwa da Hausa bayan salla, su kuma tsaya wa masu son kafa watandar abinci a matsayin shaidu. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon ta ware ɗan gurbi duk mako ta kawo farashin buhu da kwando da mudu a Mile 12 da Daleko, ta jera su da na Dawanau, domin mai saye ya san abin da zai tarar kafin ya biya kuɗin mota.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas.