Ina tafiyar ƙafa don in rabu da sigari, amma dare yana kayar da ni

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya saka muku da alheri, duk sati ina sauraron shirinku ta waya daga nan Jidda. Ni direban gida ne, shekarata 43, kuma shekara 19 kenan ina shan sigari, tun ina yaron mota a Kano na fara har na zo Saudiyya da ita. A da, a rana kwali guda nake sha wani lokacin har da 'yan karare a kai. Tun 2017 da aka sa wa taba haraji ɗari bisa ɗari kuɗin kwali ya ninka nake cewa zan bari ban bari ba, kuɗin da ya kamata in tura wa iyali shi nake ƙonawa, abin yana ci min tuwo a ƙwarya sosai.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne azumin da ya wuce da muka je Umara da maigidana, muna sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, daidai wurin koren fitilar nan da maza ke sassarfa wallahi numfashina ya ɗauke sai da na jingina da bango, ga wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba ya wuce ni ko haki ba ya yi. Ranar na zubar da hawaye.

Da muka dawo sai wani abokina Bahaushen Sudan ya ce min shi motsa jiki ne ya raba shi da ita, to sai na fara fita Kurnish bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi, in yi tafiya da sauri kamar minti 40 a bakin teku. Kuma gaskiya Likita na ga wani abu da idona, in ina jiran yara a ƙofar makaranta sha'awar ta taso min har yawuna ya tsinke hannuna na lalubar aljihu, in na fito daga mota na zaga layin da sauri minti goma sai in ji ta lafa kamar an zuba mata ruwa. Da haka na yi kwana 23 ban sa kara a bakina ba, duk da barci ya ƙaurace min, ga saurin fushi, ga ci kamar ba gobe.

Matsalar dare ce. In na tashi aiki ɗakinmu ɗaya da 'yan uwa uku, biyu suna sha, a dafa shayi a zauna hirar gida, ranar nan matata ta kira yaronmu ba lafiya, kafin in ankara na miƙa hannu an ba ni kara ɗaya, shikenan. Yanzu ina shan huɗu ko biyar duk dare amma ban fasa fitar Asuba ba.

Dan Allah Likita ka faɗa min gaskiya, motsa jikin nan shi kaɗai zai iya raba mutum da sigari ne ko dai kwantar da sha'awar kawai yake na ɗan lokaci? Na ga filastar nikotin da cingam ɗinsa a kantin magani, kuma an ce ma'aikatar lafiya tana da asibitocin taimakon masu son barin taba, amma ina tsoron kar in bar wata jaraba in faɗa wata. Wani ma cewa ya yi in koma shamma, wato garin tabar da ake sawa a baki, wannan kam na ƙi don na san tana jawo kansar baki. Sannan in na gwada gudu ƙirjina yana ɗaurewa, in ci gaba ko sai an duba ni tukuna?

Akwai kuma ɗan ƙanwata a gida da ya faɗa shan taramol, uwarsa kullum kuka take min a waya, tana so in turo kuɗi a saya masa takalmin ƙwallo ya koma fili ko zai rabu da abokan nan. Shi ma ƙwallon zai taimake shi ne, ko nasa sai an haɗa da asibiti? Na ce mata ta ba ni sati guda in ji daga gare ka kafin in tura.

Naka mai sauraro, daga Jidda.