A fara auna sharar Bauchi kafin a yi maganar motoci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan kwashe shara a garin Bauchi. Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, abin da za ka ji shi ne a ƙaro motoci, a ƙaro ma'aikata. Ni kuwa tambayar da nake so a fara amsawa ita ce: tan nawa na shara garin nan yake fitarwa a rana, kuma daga wace unguwa?

Ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe a ƙasar nan, ta nuna ƙaramar hukumar Bauchi tana da mutane kusan rabin miliyan. Rahoton Bankin Duniya na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da kilo 0.46 na shara kullum. In ka haɗa biyun, ka haura tan 200 a rana, da alƙaluman da suka tsufa ke nan. Sai dai wannan ƙiyasi ne na nahiya guda. Tela ba ya yanka yadi da awon wani.

Sharar tamu tana da nata hali. Gidan da ake girki da itace ko gawayi, aka share tsakar gida safe da yamma, kwandonsa ƙasa ne da toka, nauyi kamar me. Gidan ma'aikaci da ke amfani da gas kuwa leda ce da kwali da robar ruwa, su cika mota ba su da nauyi. Motar da ta ishi unguwar manyan ma'aikata ta GRA ba lalle ta ishi unguwannin cikin gari irin su Jahun ko Nasarawa ba. Ga kuma lokaci: kwanakin mangwaro daban, na rake daban, azumi daban, babbar Sallah kuwa ba a magana, ga kayan ciki ga na turken raguna. Da damina shara takan jiƙe ta ƙara nauyi, ta ruɓe da wuri.

Aikin masana lissafi ke nan, kuma muna da su a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji. A zaɓi gidaje daga kowace irin unguwa, a raba musu buhuna, ɗalibai su riƙa bi da sikeli suna aunawa na mako guda, da rani, da damina, da hunturu. A rubuta yawan mutanen gida, da abin da ake girki da shi, da ko ana kiwo. Daga nan ake fitar da ma'aunin da zai iya hasashen abin da unguwar da ba a auna ba za ta fitar. Hukumar kare muhalli ta jiha, wato BASEPA, in ta riƙe irin wannan lissafi a hannu, za ta san inda ya kamata mota ta je kullum da inda sau biyu a mako ya wadatar.

Sannan hanya. Lungunan cikin gari tifa ba ta shiga, kowa ya sani. Baro da kura da Keke ne za su fito da shara zuwa matattara a bakin titi, mota ta ɗauka daga nan. Wurin da za a kafa matattarar ma lissafi ne, domin in ta yi nisa, yaron da aka aika zai juye a kwata mafi kusa. Mota kuma in ta faɗa cunkoson kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da hantsi, dizal ne ke ƙonewa a banza, alhali da asuba hanya fayau take.

Kada kuma a manta da 'yan jari-bola da manoman bayan gari masu ɗibar juji su kai gona a matsayin taki. Abin da suke ragewa ba kaɗan ba ne, a sa su cikin lissafi.

Wani zai ce wannan ai boko ne, a dai kwashe kawai. To, kwalarar 2021 ta taɓa jihar nan fiye da yawancin jihohi, kuma kwatar da leda ta toshe tana cikin hanyoyin da ƙazanta ke kaiwa ga rijiyoyinmu. Kuɗin sikeli da buhuna da ɗan alawus na ɗalibai bai kai kuɗin sabuwar mota ɗaya ba. Ina fatan 'yan majalisarmu za su ware wa aikin awon nan kaso a kasafin kuɗi mai zuwa, a kuma riƙa buga sakamakon awon kowa ya gani.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku, daga Jahun, Bauchi