Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Manajan Wani Babban Kanti A Kano Kan Filin Ajiye Motoci

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na fi shekara huɗu ina sayayya a kantinku, kuma ban taɓa kuka da kayanku ba. Filin fakinku ne ya sa na ɗauki biro.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na kawo iyalina. A bakin get aka karɓi kuɗina aka miƙo mini tikiti. Ba mu cika awa ɗaya a ciki ba. Da muka fito, sai na tarar da madubin gefen direba yana reto a jikin waya, ga karta tun daga ƙofar baya har bamba, farin fentin motar da ta goge ni manne a jikin tawa. Mai ita kuwa ya daɗe da ƙara gaba.

Na kira mai gadi. Bawan Allah bai yi mini rashin kunya ba, yatsa kawai ya ɗaga ya nuna mini allon nan naku mai cewa duk abin da ya sami mota ba ruwan kamfani. Na roƙi a duba kyamara, aka ce ta wannan ɓangaren ta jima da lalacewa. To, ranka ya daɗe, kuɗin da kuke karɓa a get na mene ne? Washegari a Ƙofar Ruwa na wuni ina neman madubi, aikin fenti kuma yana nan yana jirana.

Direban da ya gudu yana da alhakina, na sani. Amma ku kuka buɗe masa ƙofa. Gurbin mota ɗaya akan yi shi kusan faɗin mita 2.5, Corolla irin tawa kuma ba ta wuce mita 1.8 ba, ragowar ita ke ba mutum damar buɗe ƙofa bai bugi maƙwabcinsa ba. Layukanku duk sun goge, kowa fakin yake yadda ya ga dama. Mai Hilux ya haye gurbi biyu, wani ya gindaya tasa a bayan mutane ya shige sayayya, saura a yi ta cusa kai ana ribas a matse. Ga kekunan zuba kaya an watsar ko'ina, filin kuma da gangare. Da idona na ga ɗaya ya gangaro ya daki fitilar wata Sienna.

Ina roƙon ku sake ja layukan nan da fenti, ku nuna hanyar shiga da ta fita, ku gyara kyamarorin. Masu gadinku su bar taruwa a get, a sa ko mutum biyu suna zagayawa cikin motoci, musamman yammacin Juma'a da Asabar.

Batun motata kuma, tikitin yana hannuna, da hotunan da na ɗauka a wurin, da rasit ɗin madubi. Na bar lambata a teburin karɓar ƙorafinku, ina sauraron kiranku cikin makon nan.

Wassalam,
Wani abokin cinikinku daga Hotoro, Kano